Hoton Rumbun Kawu

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda na yi rantsuwa ba zan manta ba, amma akwai guda ɗaya da na san zan shiga kabari da shi: abin da shafina na intanet ya jawo wa kawuna a ƙarshen wata damina. Shekaru sun ja, an yafe abin da za a iya yafewa. Duk da haka, in na tuna, sai in ji kamar yau aka yi.

A lokacin ina koyarwa a wata lakwal, makarantar yara, a Magariya, cikin malaman nan na kwantiragi waɗanda kuɗin wata ke ƙare musu tun watan bai raba ba. Ni kuwa tun ina lise, wato sakandare, nake da ciwon rubutu. Da na samu waya mai ɗan kyau sai na buɗe bulog, wato shafin da mutum ke zuba rubutunsa kowa ya shiga ya karanta. Da Hausa nake yi, kuma kan abin da na sani: yadda wake ke tashi da sauka a kasuwar Bande, yadda matan Mallawa ke tuyar ƙuli-ƙuli, yadda ake yashe rijiya a ƙauyukan Yekuwa. Na ji ana cewa in masu shiga shafi suka yi yawa, akwai kamfanonin da ke liƙa talla a gefe su biya mai shafin. Tun ban ga ko dala ba na riga na kashe kuɗin a raina. Na saya wa innata keken ɗinki, na yi wa ɗakinmu siminti, har da canji.

Sai dai masu karatun ne babu. In na duba waɗanda suka shiga, sai in tarar ni ce, da ƙanwata, da wata ƙawata da nake tilasta wa. Akwai kuma wani bawan Allah daga Damagaram wanda ban taɓa gani ba, da duk abin da na saka sai ya rubuta a ƙasa, "Allah ya ƙara basira." Ran da na yi rubutu kan cutar da ta kashe jakuna a wani gari ma abin da ya rubuta ke nan. Na san ba ya karantawa, amma in bai zo ba sai in ji kewarsa.

Ana haka sai na haɗu da wani da muka yi aji ɗaya a lise. Yana da shago kusa da tasha inda yake gyaran waya, yana cajin batir, yana zuba wa mutane waƙoƙi. Mutum ne mai zaƙin baki, in yana magana rabi Hausa rabi Faransanci sai ka ɗauka jiya ya sauko daga jirgi. Ya karɓi wayata ya leƙa shafin, ya girgiza kai.

"Madam, rubutu kam kin iya," in ji shi. "Amma kin kafa shago a bayan gari kina jiran masu saye. Ki ba ni kod ɗin shafin, ni in kawo miki mutane. Ke rubutu, ni kasuwa. In talla ta fara biya mu raba."

Na ba shi kod ɗin, wato kalmar sirrin da ake buɗe shafin da ita, kamar yadda mutum ke miƙa wa tela yadi. Kuma gaskiya da farko ya yi aiki. Ya gyara fuskar shafin, ya sa yana buɗewa ko rezo, wato sabis ɗin waya, ba ƙarfi, ya riƙa tura rubutuna cikin gurup-gurup na waya. Masu shiga suka ɗan ƙaru. Abu ɗaya ne kullum yake mita a kai, wato kanun rubutuna. Wai wa zai bar abin da yake yi ya danna "Yadda ake yashe rijiya"? Ni kuma in ce masa mai rijiya. Mu yi dariya, a wuce wurin.

Yanzu bari in gaya muku wane ne kawuna, don in ba ku san shi ba ba za ku gane girman ɓarnar ba. Yayan innata ne, yana zaune a wani ɗan ƙauye a wajen Yekuwa. Yana noman hatsi da wake, yana kuma kiwo. Amma yawancin shanun da ke garkensa ba nasa ba ne. Ƴan kasuwa da ma'aikatan Magariya in sun tara ɗan abin hannu sukan sayi karsana su kai masa amana. Shi zai yi kiwo, nono da taki nasa, abin da saniya ta haifa na mai ita. Babu takarda, babu shaida, sunansa kawai ake bi. Da nonon nan matarsa ke yin furar sayarwa, da takin nan gonarsa ke ba da abin da ta maƙwabta ba ta bayarwa. In damina ta yi tsakiya abinci ya yanke wa mutane, ƙofarsa ake zuwa aron dami. Ni kuwa sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka tun ina goye "Uwata" yake ce mini, kuma bai taɓa hana ni abin da na roƙa ba.

A ƙarshen hutun damina na tafi wajensa in taya su roron wake. Na tarar yana aikin da kowane manomin kirki a wajenmu ke yi kafin sabon hatsi ya shigo gida. Akan ɗage jinkar rumbu, a fito da duk tsohon damin da ya rage, a share cikin tas, a toshe inda ɓera ya huda, a barbaɗa toka, a bar rana ta gasa shi. In sabon hatsi ya zo shi ake shimfiɗawa a ƙasa, tsohon a ɗora a sama don a fara cinye shi. Rumbu wayam a wannan lokacin ba alamar rashi ba ne. Wanda ya ga tsohon dami jibge a gefe ya san mai gidan ya ci shekara har ya rage. Na Kawu kuwa tarin ya fi ni tsawo.

Abin ya burge ni, na ce zan yi rubutu a kai. Na fito da waya na ce ya tsaya in ɗauke shi.

"Uwata, ba a nuna wa bare cikin rumbu," ya ce.

"Kawu, ai ba kome a ciki."

Ya yi dariya har da tari. "To, don ke ce. Ɗauka."

Yana cikin tsohuwar rigar aiki mai yagaggen hannu, toka ta yi masa fari har gira. Ya dafa bakin rumbun da hannu ɗaya, ɗayan ya ɗora a ka don rana na dukan idonsa. A damansa ga tarin tsohon hatsi ya cika rabin hoton. Na zauna a gindin bishiya na rubuta bayanin aikin daki-daki, na sa masa kai "Yadda ake shirya rumbu kafin sabon hatsi". Garin ba rezo sai an hau wani tudu a bayan makabarta, don haka na hau can na tura wa abokin aikina rubutun da hoton, na ce ya saka. Na sauko na koma gona, na manta da zancen.

Bayan ƴan kwanaki, da hantsi, muna zaune ana sussukar wake, sai ga mota ta tsaya a ƙofar gida. Wani Alhaji ne ɗan kasuwar Magariya, wanda ya fi kowa yawan shanu a hannun Kawu. Tare da shi akwai mutum biyu riƙe da sanduna da igiyoyi. Aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa, aka tambayi iyali. Matar Kawu ta dama fura mai kauri ta aiko da ita a sabuwar ƙwarya, ni na kai. Alhaji ya dubi ƙwaryar, ya kawar da kai.

"A'a, a mayar wa yara," ya ce. "Su suka fi buƙata."

Na ga Kawu ya ɗago ya dube shi. A wajenmu baƙo ko ya ƙoshi sai ya kurɓa. Kafin a ce wani abu, mutanen nan biyu sun buɗe bayan mota sun sauke buhun masara sun jingine shi a jikin zana.

"Na mene ne wannan, Alhaji?"

"Ba yawa, Malam. A yi haƙuri da shi. Sannan na ce bari in rage maka nauyi, in kwashe ƴan dabbobin nan in kai wani wuri har abubuwa su daidaita."

"Wane nauyi?"

Alhaji ya yi ta kame-kame, wai kowa na iya shiga wani hali, wai mutum in ya matsu yakan yi abin da bai yi niyya ba. Ma'anarsa a fili take: yana tsoron Kawu ya kai saniyarsa kasuwa ya sayi abinci. Daga ƙarshe ya ciro waya ya miƙa. Ina tsaye a bayan Kawu, don haka tare muka gani.

Shafina ne. Sunana ne a sama. Hoton Kawu ne, amma an datse shi daga gefe, an cire tarin hatsin gaba ɗaya. Abin da ya rage dattijo ne cikin tsumma, fari fat da toka, hannu a ka, gaban rumbun da ba ko zangarniya. Bayanin da na rubuta babu shi, an maye gurbinsa da wasu ƴan layuka. Kawu bai yi boko ba. Ya juyo ya miƙo mini wayar.

"Uwata, karanta mini."

Na so ƙasa ta tsage. Na ce Kawu bari mu shiga ciki in yi maka bayani. Ya ce a'a, nan aka kawo maganar, nan zan karanta. Haka na tsaya gaban baƙi, da bakina, na karanta masa cewa yunwa ta ci ƙarfin Yekuwa, ga wani dattijo yana kuka gaban rumbunsa, iyalinsa sun koma cin ganye, kuma ba abin da ya rage masa sai ya fara sayar da dabbobi. A ƙasan rubutun an sa a tura wa kowa don duniya ta gani.

Kawu ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya ce wa Alhaji da mutanensa su biyo shi. Ya kai su bayan gida inda tsohon hatsin yake, an lulluɓe shi da zana saboda raɓa. Ya yaye zanar. Bai tsaya nan ba. Ya sa aka kawo tsani, aka ɗage jinkar wani rumbu na biyu wanda ko ni ban san abin da ke ciki ba, ya ce Alhaji ya hau ya leƙa. Mutumin da ya ce mini ba a nuna wa bare cikin rumbu, ga shi yana riƙe wa bare tsani. Maƙwabta sun fara taruwa a bakin zana suna kallo. Wannan ne abin da ya fi ƙona mini rai a ranar, fiye da buhun masarar.

Alhaji ya sauko jikinsa a sanyaye. "Malam, an yi kuskure. Don Allah a bar zancen. Shanu su zauna inda suke."

"Alhaji, tun da shanunka suke hannuna, ka taɓa rasa ko maraƙi?"

"Ban taɓa ba."

"Da ka ga hoton nan, da sai ka aiko a tambaye ni. Ba ka zo da tambaya ba, ka zo da igiya. Tun da igiyar ta zo, kada ta koma haka."

Aka yi ta ba shi baki, har liman ya sa baki, Kawu ya ce shi bai yi fushi ba, amma ba zai kwana da dukiyar mutumin da ke zarginsa ba. Da kansa ya je saurar da garken yake, ya ware shanun Alhaji ɗaya bayan ɗaya. Ya kwance maruƙansu daga dangwali, igiyar nan mai madaukai da ake jera maruƙa a jiki. Ya sa aka mayar da buhun masara cikin mota. Matarsa na tsaye a bakin ƙofa riƙe da ƙwaryar tatsa, tana kallon shanun da ta saba kira da suna ana kora su.

Ashe Alhaji somin taɓi ne. Labarin ya riga ya bar shafina ya shiga gurup-gurup, wani ya karanta shi cikin vokal, saƙon muryar nan, har da ƙarin gishirinsa, don haka wanda bai iya karatu ba ma ya ji. Washegari wani tsohon ma'aikaci ya aiko ɗansa ya "duba lafiyar" saniyarsa, ya tafi da ita. Wani daga Mallawa ya zo da kansa. Ƴan uwanmu na Babura suka tsallako iyaka da garin kwaki da hawaye, suna faɗa wai don me za a ɓoye musu. Mutanen da damina biyu da ta wuce suka ci aron hatsinsa suka fara gaishe shi da muryar ta'aziyya. Duk wanda ya zo da igiya, Kawu bai roƙe shi ba.

Ni ban jira ganin ƙarshen wannan ba. Na hau kabu-kabu na nufi Magariya, ban ko biya gida ba na sauka a tasha. Abokin aikin nawa yana ganina ya taso da fara'a, ya juyo mini fuskar ordinatarsa, wato kwamfuta.

"Madam, kin ga abin da nake gaya miki? Dubi layin nan yadda ya miƙe. Dubbai ne suka shiga. Daga Yamai, daga Kano, har daga ƙasashen waje. Kamfanin talla ya karɓe mu. Mun shigo gari."

Na tambaye shi ina sauran hoton.

"Wane saura? Oh, wannan tarin karan? Ai shi ke ɓata hoton."

Tarin kara. Abincin shekara guda na gida guda, gumin mutum da na iyalinsa, shi ne tarin kara. Wallahi da ba don ina tuna ni malama ce, kuma iyayen yarana na wucewa ta wurin ba, da na kife masa teburin. Na ce masa ya san kuwa wanda ya sa a hoton nan? Ya san ana can ana kwance masa shanu?

Ya ɗaga kafaɗa. "Ai ban faɗi sunansa ba."

"A ƙasar Yekuwa akwai wanda bai san fuskarsa ba?"

"Madam, ki kwantar da hankali. Wa ya mutu? Jibi an manta. Labarin ƙoshi ba ya tafiya, wannan kowa ya sani. Wa zai tura wa wani hoton mutumin da ya ci ya rage? Ƙila ma wata ƙungiya ta gani ta kawo wa garin taimako. In kin duba da kyau alheri na yi musu."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba ƙarya yake yi mini ba, har zuciyarsa haka ya ɗauka. Mutumin nan an haife shi a Magariya, kakansa manomi ne, ya san abin da rumbu wayam ke nufi a ƙarshen damina sarai. Ba jahilci ne ya sa ya datse hoton ba. Ya san mutanen nesa ba su sani ba, su ya yi wa tarko, na kusa kuwa ko a jikinsa. Na ce ya cire shi yanzu. Ya ce in bari mako ya ƙare tukuna, don yanzu ne tallar ke ƙirga masu shiga, cire shi asara ce.

A nan ne muryata ta tashi. Ni da ko a aji ba a san ni da tsawa ba, sai ga masu shayi da ƴan kabu-kabu sun cika bakin shagon. Na faɗa musu abin da ya yi, na ciro wayata na nuna musu cikakken hoton, ya zaga hannu zuwa hannu. Wani dattijo mai sayar da goro ya duba, ya dubi abokin nawa, ya ce, "Kai, yaro, ba ka ji tsoron Allah ba." Shi kuwa sai cewa yake mata ba su gane harkar ba. A gabansu na shiga shafin, na canza kod, na goge ƙaryar. Amma gogewa daga shafina bai goge ta daga wayoyin mutane ba.

A ranar na saka cikakken hoton, da rubutuna na asali, da bayanin abin da aka yi, da neman gafarar Kawu. Na roƙi duk wanda ya tura na farko ya tura wannan. Na zauna ina duba masu shiga. Ina dubban nan? Ina mutanen Yamai da na ƙasashen waje da suka rubuta suna kuka, suna cewa zuciyarsu ta karye? Ko ɗaya bai dawo ya ji daɗin cewa dattijon bai kwana da yunwa ba. Ni ce, da ƙanwata, da ƙawata, da ƴan tsiraru. Mutumin Damagaram ya zo ya rubuta, "Allah ya ƙara basira." Ƙanwata ta ce mini a ƙarƙashin ƙaryar ma abin da ya rubuta ke nan.

Da wata ya ƙare sai ga saƙo, kuɗin talla sun shigo. Kuɗin farko da rubutu ya taɓa kawo mini a duniya, waɗanda na daɗe ina mafarki. Ba su kai kuɗin akuya ba, balle saniya. Abokin nawa bai ji kunya ba, ya aiko a karɓar masa rabonsa. Na ce a gaya masa rabon na Yekuwa, ya je ya karɓa a hannun mai hoton. Har yau bai je ba.

Na ɗauki kuɗin na kai wa Kawu. Na same shi yana jera sabon hatsi a rumbun. Na durƙusa na ajiye a gabansa na ce abin da hoton ya kawo ke nan, nasa ne. Ko kallonsu bai yi ba.

"Kuɗin yunwata ne?" ya ce. "Ai ban yi yunwar ba, Uwata. Ɗauke abinki."

Da kuɗin na je wajen mai hoto aka wanke mini cikakken hoton a takarda, da yawa. Na bi gidajen waɗanda suka kwashe shanunsu, na bi kasuwar Bande, na je Mallawa, ina miƙa wa mutane a hannu. Ku ji abin haushi: kusan kowa sai ya ce, "Ai mu dama mun san ƙarya ce, wa bai san Malam ba?" To in kun sani, wa ya aiko da igiya? Wasu daga cikinsu sun mayar da shanunsu da rani, bayan sun zo da kansu sun zauna a tabarma sun sha fura. Na Alhaji kuwa, ya aiko sau da yawa, Kawu bai sake karɓa ba. A shekarar gonar ba ta samu takin da ta saba ba, hatsin da ya biyo baya bai kai na da ba. Matarsa ta daina kai fura kasuwa har tsawon lokaci, don nonon bai fi na gida ba.

Wata rana da yamma, bayan ƙura ta lafa, muna zaune a saurar yana gyaran dangwali. Rabin madaukan ba maruƙa a ciki, amma bai yanke su ba. Ya tambaye ni, ba da faɗa ba, kamar mai son ya gane wani abu.

"Uwata, an ce mutane dubbai suka ga hoton nan."

"Haka ne, Kawu."

"A cikinsu wa ya san ni?"

"Kaɗan ne."

"To dubban nan me suka yi mini?"

Na ce ba kome, sun gani sun wuce.

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da ɗaurin igiyarsa. "Kaɗan ɗin kuwa sun zo har gida."

Har yanzu ina da shafin. Masu karanta shi ba dubbai ba ne, amma mutane ne da in na shiga kasuwa sukan tare ni su ce na yi daidai a kan farashin wake, ko na yi kuskure. Wani mai sayar da irin shuka da wata mai ɗinki suna ba ni talla, tana biya mini kuɗin koneksiyo, wato na shiga intanet, har in rage na sabulu. Keken ɗinkin innata ma an saya, a hankali, ba da kuɗin kukan kowa ba. Kod ɗin shafina ba wanda ya sani sai ni. Kuma duk wanda zan sa hotonsa ko zancensa, sai na zauna na karanta masa da bakina kafin in saka, don na riga na ɗanɗana yadda karantawar take in an makara.

Abin da na koya ke nan, kuma ina faɗa wa duk yaron da ya zo mini da zumuɗin buɗe shafi yana tambayar yadda ake tara mutane. Taron da ke zuwa da gudu da gudu yake komawa, bai san ka ba, ba zai biya maka ko dala ta ɓarnar da ya bari ba. Wanda ke cikin hoton shi zai ci gaba da zama a garinsu da fuskar nan, shi za a gaisar a masallaci, shi za a kawo wa igiya. In ba za ka iya karanta masa abin da ka rubuta a kansa kana kallon idonsa ba, kada ka saka, ko nawa za a biya ka.

Kawu yana nan da ransa, ya tsufa, har yau "Uwata" yake ce mini. Kowace shekara ina zuwa roron wake, kuma har yanzu ba ya hana ni abin da na roƙa. Abu ɗaya ne ya canza. In ranar ɗage jinkar rumbu ta zo, sai ya dube ni ya ce in kai wa matarsa wayata ta ajiye mini a ɗaki.